Yadda Ake Koyon Tuƙi a Sakkwato, Daga Ranar Farko Har Hawa Babbar Hanya

Duk wanda ya taso a Sakkwato ya san yadda akasarinmu muka koyi mota. Da la'asar sakaliya a sami wani fili, na makarantar firamare ko na idi, wa ko aboki ya zauna a gefe ya nuna maka kuloci da birki da totur, ka yi ta zagaye kana tayar da ƙura har a kira magariba. Kwana uku, da zarar motar ta daina mutuwa a hannunka, sai a ce ai ka iya. Rana ta huɗu an aike ka Tsohuwar Kasuwa cefane. Lasisi kuwa akwai wani da ya san wani: ka ba da hoto da kuɗi, a kawo maka har gida.

Haka ni ma na koya, kuma sai da na shekara biyu ina tuƙi ban san wa ke da hannu a shataletale ba. Wanda ya tona asirina kawuna ne, tsohon direban Fijo 504 a hanyar Illela. Wata rana na ɗauko shi daga Runjin Sambo zan kai shi Gawon Nama. Har muka isa bai ce uffan ba, sai dai na ga ƙafarsa ta dama tana ta danna ƙasa, yana taka birkin da babu shi. Da na tsaya ya miƙo hannu ya ce, "Miƙo makulli. Ɗana, tura mota kaka yi, ba tuƙi ba. Wanga ƙarhe bai san ɗan kowa ba." Wata biyu ya yi yana sake koya mini daga tushe. Abin da ke ƙasa rabi nasa ne, rabi abin da doka ta shimfiɗa.

Mataki na farko: ka san abin da za ka ɗauka

Dokar Najeriya ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisin tuƙi. Yaron da ke aji uku na sakandare yana iya juya sitiyari fiye da ubansa, amma bai iya haƙuri ba, kuma rabin tuƙi haƙuri ne. Uban da ya ba irin wannan yaro makulli don ya kai ƙannensa Islamiyya, da hannunsa ya sa hannu a duk abin da zai biyo baya.

Ka je a auna maka ido kafin komai. Mutane da yawa ba su san ganinsu ya ragu ba sai ranar da suka kasa karanta lambar motar da ke gabansu. In an rubuta maka tabarau, ka sa shi duk lokacin da za ka yi tuƙi, musamman da dare. Mai ciwon suga, mai hawan jini da mai farfaɗiya, su yi magana da likita tukuna.

Sai maganar da ba a cika yi wa mai koyo ba. A wurinmu, da haɗari ya faru kalmar farko ita ce ƙaddara. Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da sanin Allah. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma shi ne ya ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyya da kaffara, wadda a yau take komawa azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Malamai da dama suna shigar da direban da sakacinsa ya jawo asarar rai cikin wannan hukunci. Ka tambayi malamin unguwarku ya yi maka bayani tun kafin ka riƙe makulli. Wanda ya san nauyin wata biyu yana azumi a zafin Sakkwato, ƙafarsa ba ta nauyi a kan totur.

Mataki na biyu: makaranta da lasisi, ta ƙofa ba ta taga ba

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda muke kira 'yan rod sefti, an kafa ta ne a 1988. Ita ke tantance makarantun koyon tuƙi, kuma sabon lasisi ba ya fita bisa ƙa'ida sai da takardar shaidar makarantar da ta amince da ita. Don haka kada ka biya kuɗi don kawai ka ga mota da allo a kanta. Ka shiga ofishin hukumar ka tambaya ko sunan makarantar yana cikin rajistarsu.

Ga yadda abin yake tafiya. Za ka yi rajista a makaranta, a sama maka takardar izinin koyo. Motar koyo tana ɗauke da jan harafin L gaba da baya, kuma ba ka tuƙa ta sai da mai lasisi a gefenka. Tsarin hukumar ya tanadi zama 26 na darasi, wani a aji wani a kan titi. In ka kammala makaranta ta ba ka shaida, ka cike takardar neman lasisi ta intanet da lambarka ta katin ɗan ƙasa, ka biya kuɗin a banki ka riƙe rasit. Daga nan jami'an duba motoci, 'yan bi-ai-o, su gwada ka. In ka ci, ka bi ta ofishin tattara kuɗin shiga na jiha, sannan ka je a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Za a ba ka lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, mai shekara 3 ko 5, gwargwadon wanda ka biya.

Alama guda ta isa ka gane na jabu: duk lasisin da aka kawo maka ba tare da ka je da ƙafarka an ɗauki yatsunka ba, takarda ce kawai. Ranar da aka buga lambarsa a kwamfuta ba a gan ta ba, kai za a riƙe, ba wanda ya karɓi kuɗinka ba. Kuma lasisi aji-aji ne. Na babur daban, na ƙaramar mota daban, na manyan motoci daban. Mai lasisin ƙaramar mota ba ya hawa tifa.

A makarantar ma sai ka tsaya wa kanka. Akwai masu karɓar kuɗi su cike maka zama 26 a takarda alhali sau biyar ka zauna a mota. Kada ka ɗauka sun yi maka alheri. Ka nemi darasin aji, wanda kowa ke gudu. A nan ne za ka san cewa alama mai zagaye da jan baki hani ce, mai kusurwa uku gargaɗi, shuɗiya mai zagaye umarni. A nan za ka san farin layi da bai yanke ba a tsakiyar titi ba a ƙetare shi, mai yankewa kuma ana iya ƙetarawa in hanya ta ba da dama. Ka sayi littafin dokokin hanya na hukumar ka karanta shi kamar mai shirin jarrabawa. Shawarata kuma ka koya da mota mai giyar hannu. Wanda ya iya ta, otomatik ba za ta ba shi wahala ba.

Mata ma haka. 'Yan mata da matan aure da yawa yanzu suna tuƙa kansu zuwa aiki da asibiti, kuma maigida ne ko ƙane yake koya musu cikin tsawa da gajen haƙuri. Gara a biya musu makaranta, a nemi mai koyarwa mace in akwai, ko muharrami ya zauna a baya. A kuma kula da gefen hijabi da bakin zane kada su sarƙe da feda, kamar yadda namiji zai naɗe babbar riga kafin ya zauna. Silifas da takalmi mai tsini ba na tuƙi ba ne.

Mataki na uku: makonnin farko

Lasisi ya fito, amma hannu bai nuna ba. Kada ka fara da Kasuwar Kara ko bakin babbar tasha. Ka fara da safiyar Asabar ko Lahadi a titunan da ba cunkoso, da wani babba mai haƙuri a gefenka. Mako na biyu ka shiga Titin Ahmadu Bello da Titin Maiduguri da rana tsaka. Sannan shataletale. Sannan dare. Babbar hanya ita ce ta ƙarshe, kuma tafiyar farko kada ta wuce Bodinga ko Kware ka dawo.

Kafin ka tayar da mota, ka daidaita kujera yadda ƙafarka za ta taka kuloci har ƙasa ba tare da ka miƙe gaba ɗaya ba. Ka saita madubai uku. Ka ɗaura bel, kuma kowa a motar ya ɗaura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Mu kuwa mun mai da shi abin da ake ratayawa in an hango shingen jami'ai, a saki da an wuce. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 baya zai zauna. Ɗora jariri a cinya a kujerar gaba, ko zaunar da yaro tsakaninka da sitiyari don ya ji daɗi, in aka taka birki da ƙarfi nauyinka ne zai matse shi.

Mataki na huɗu: zagayen safe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kawu ba ya shiga mota sai ya zagaye ta, kuma abin da ya fara dubawa ƙarƙashinta ne. Na taɓa yi masa dariya, sai ranar da ya durƙusa a ƙofar gidanmu ya jawo wani yaro ɗan shekara biyu da ya shige inuwar motar yana wasa da murfin kwalba, daidai bayan tayar baya. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, inuwar mota gida ce ga yara da awaki da kaji. Ka duba kullum, musamman in ribas za ka yi. Haka kuma kada ka bar yaro a cikin mota a rufe ko na minti biyar, ko da za ka shiga kanti ka fito ne.

Sannan ka buɗe bonet tun inji na da sanyi. Ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, kan batir. In mota ta yi zafi a hanya, kada ka buɗe murfin lagireto nan take. Tururin zai sale maka fuska da hannu. Ka kunna fitilu da sigina ka sa wani ya duba maka na baya. Ka taka birki ka ji ko yana nutsewa.

Taya ita ce zan daɗe a kanta, don ita ta fi cin mutanenmu a lokacin bazara. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021. 'Yan rod sefti suna lissafa shekara huɗu daga wannan rana a matsayin rayuwar taya. Tayar gwanjo da ake shafa wa baƙin mai tana ƙyalli, zanenta yana iya zama da sauransa amma robar ta bushe, kuma kwaltar hanyar Tambuwal da ƙarfe biyu na rana ba ta yi mata uzuri. Ka nemi ƙananan tsaga a gefenta, ka shafa ka ji ko akwai kumburi.

Iska kuma ba da dukan hannu ake auna ta ba. Adadin da ya dace da motarka yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Masu faci da yawa suna cika iska fiye da ƙima don a ga taya ta tsaya ƙyam. Ka sayi naka geji, wato ma'aunin iskar taya, kuɗinsa bai kai na kaza ba, ka auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Ƙarancin iska ma bala'i ne: taya tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe. In kuwa ta fashe kana cikin gudu, abin da jiki zai ce ka yi shi ne kuskure. Kada ka taka birki. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu gam, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka bar mota ta rage gudu da kanta, sai ta kusa tsayawa ka taɓa birki ka gangara gefe. Da yawa daga cikin motocin da ake cewa sun yi ta ƙundumbala bayan fashewar taya, birkin firgita ne ya juya su.

A but ɗin mota kada a rasa safaya mai iska, jak, sifana, abin kashe gobara da alwatika mai ƙyalli ta gargaɗi. Takardun mota su zama na zamani, har da inshora ta gaske. Mafi ƙanƙanta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta koma naira 15,000 ga motar gida tun farkon 2023, tana kuma ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3. Ka karɓa daga kamfanin inshora, ba daga mai tebur a gindin bishiya ba.

Mataki na biyar: cikin gari

Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa, kuma wannan rufi ne, ba wajibi ba. Gaban makaranta lokacin tashi, bakin masallaci ranar Juma'a, lungunan Mabera da cikin tsohon gari, 20 zuwa 30 ta isa. In ƙwallo ta gangaro titi, akwai yaro a bayanta.

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka a shataletale motar da ke ciki, wadda ke zuwa maka ta hagu, ita ke da hannu. Kai mai shiga kai za ka jira. A Dandima ko Gidan Man Ada za ka ga ana yin akasin haka, mai ƙarfin hali shi ke wucewa. Kada ka koyi wannan. Ka rage gudu, ka duba hagu, ka shiga in an sami sarari, ka ba da sigina ta dama kafin ka fita.

'Yan kabu-kabu da masu keke napep abokan zama ne, ba yadda za ka yi da su. Ka ɗauka kowane ɗayansu zai iya tsayawa ba sigina da zarar an ɗaga masa hannu, kuma zai iya ɓullo maka ta dama daidai lokacin da za ka karya kwana. Madubi ba ya nuna komai. Akwai wani gurbi a kafaɗarka da babur ke ɓuya a ciki. Kafin ka sauya layi ko ka buɗe ƙofa, ka waiga da kanka. Tsarin shi ne madubi, sigina, waiwaye, sannan ka motsa. Sigina neman izini ce, ba a ba ka ba tukuna.

In kai ne a kan babur ɗin, hular kwano ba don jami'i aka yi ta ba. Na san zafi, na san ana cewa tana hana jin oda. Duk wanda ya taɓa jinya a sashen haɗari ya san da wane ciwo ake kawo 'yan babur. Kuma bin hannun da ba naka ba don ka guje wa zagayen mita 200, da ɗaukar mace da goyo da yara uku a babur guda, kowa ya san ba daidai ba ne, sabo ne kawai ya rufe mana ido. Tuƙin ganganci na rakiyar amarya ban ma san ta inda zan fara ba. Sau nawa gidan biki ya koma gidan makoki kafin a sauke lalle.

Mataki na shida: babbar hanya

Ƙaramar mota iyakarta 80 a babbar hanya ta gama-gari, 100 a tagwayen hanya. Tirela da tanka 50 da 60. Ka yi wannan lissafi sau ɗaya ka riƙe. Tafiyar kilomita 80, kusan nisan Sakkwato zuwa Illela, a gudun 80 awa guda ce, a gudun 100 minti 48. Minti 12 ka saya. Me ka biya? A gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato kafin ƙafarka ta tashi daga totur ta sauka a birki ka wuce tsawon gida biyu. Kuma nisan da birki ke buƙata ba ya tafiya daidai da gudu: in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi. Kawu yakan ce, "Mi kaka ma sauri? Illela ba ta tashi."

Tazara tsakaninka da na gaba ka auna ta da lokaci. Ka zaɓi wata alama, bishiya ko turken wuta. Da motar gaba ta wuce ta, ka karanta lahaula cikakkiya ba da sauri ba. In ka iso alamar kafin ka ƙare, ka matse shi da yawa, ja baya. A hazo ko ruwa, sau biyu.

Obatekin, wato fita ka wuce motar da ke gabanka, shi ne wurin da ake gaba-da-gaba, kuma gaba-da-gaba ba ta cika barin mai ba da labari ba. A ce tirela na tafiya a 60, kai kana 80. Kafin ka fito, ka shafe tsawonta, ka koma hannunka da sarari, za ka yi daƙiƙa goma ko fiye a hannun wasu. A wannan lokaci kai ka ci sama da mita 200, mai tahowa a gudun 100 ya ci kusan 300. Ke nan sai kana ganin fiye da rabin kilomita fayau kafin ka fito. Ba a yi a kwana, ba a yi a hawa, ba a yi a kan gada ko cikin gari. Kada ka bi bayan wani da ya fita obatekin kana cewa ai ya gani. Shi ya ga wa kansa. In kana shakka, amsar ita ce a'a. Direban babbar mota kuma, in ba ka ganin madubinsa shi ma ba ya ganin ka, kuma in zai karya kwana sai ya buɗe ta ɗaya hannun tukuna. Kada ka cusa kai a wannan sarari.

Hanyoyinmu ba na motoci kaɗai ba ne. Ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci, daga Kware zuwa Gwadabawa za ka haɗu da raƙuma, jakai, amalanken shanu da motocin da aka yi wa lodin albasa ko dabbobi har sun karkace. Garke in ya fara ƙetarawa ka tsaya cak, kada ka danna oda, don na baya sai sun bi na gaba ko da me. Jaki kuwa yana iya tsayawa a tsakiyar kwalta yana kallon ka.

Mataki na bakwai: hazo, dare, damina, azumi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in hazo ya sauka, ka kunna ƙaramar fitila ko da rana. Babbar fitila ƙurar take haskawa ta dawo maka a ido. Da dare ka sauke fitila ga mai tahowa, in shi ya ƙi saukewa kada ka rama, ka mai da idonka gefen titi na dama ka rage gudu. Fitila ɗaya da ka hango ba lallai babur ba ne, tana iya zama babbar mota mai ido ɗaya. Ganye ko reshe a kan kwalta alama ce mota ta mutu a gaba. Ni dai tafiyar dare a wajen gari na daina ta, saboda ramuka da dabbobi da kuma halin tsaro da kowa ya sani.

Ruwan farko na damina shi ya fi santsi, don yana tayar da man da ya kwanta a kwalta wata da watanni. Ruwan da ke gudu a kan kwalbati, in ba ka ga ƙasansa ba kada ka shiga.

Sai rabin awar ƙarshe kafin shan ruwa a watan azumi. Kowa ya gaji, kowa na jin ƙishi, kowa na son ya isa gida kafin ladan. Ka ajiye dabino da gorar ruwa a mota. In magariba ta riske ka a Kwannawa, ka gangara gefe ka sha ruwa a nan, ladanka bai ragu ba.

Mataki na takwas: kai kanka

Barci ba ya sallama. In ka fara hamma a jere, ko ka lura ba ka tuna garin da ka wuce yanzu ba, ka tsaya. Goro, shayi da buɗe gilashi jinkiri kawai suke saya. Minti ashirin na barci a gidan mai ya fi su duka. A doguwar tafiya irin ta Gusau ko Kano, ka sauka ka miƙe ƙafa duk bayan awa biyu. Tiramol da sauran ƙwayoyin da ake sha wai don ƙarfin aiki, suna sa mutum ya ji ya fi kowa iyawa a daidai lokacin da hannunsa ya fi nauyi. Wasu magungunan mura ma suna sa gyangyaɗi, ka tambayi mai kemis.

Waya kuwa, duba saƙon WhatsApp na daƙiƙa uku a gudun 50 daidai yake da ka rufe ido ka yi tafiyar mita 40 a cikin gari. Ka sa ta a aljihu. In kiran ya zama dole, ka faka.

In fasinja ne kai, kana da baki. Mukan zauna mutum huɗu a baya biyu a gaba, direba na zuba gudu, kowa na salati a zuci, babu mai magana don kada a ce ya cika tsoro. Ka ce, "Malam direba, don Allah a sassauta, muna da iyali." Galibi da mutum ɗaya ya fara sauran za su mara masa baya. In ya ƙi, ka sauka a gari na gaba, ka kai ƙararsa wurin shugabannin tasha.

In abin ya faru

Ka tsaya, ka kashe inji, ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alwatika nesa da motar yadda mai tahowa zai gani da wuri. Ka kira 122, layin gaggawa na 'yan rod sefti, kyauta ne, ko 112. Ka faɗi wurin da kyau: wace hanya, kusa da wane gari, mutum nawa.

Masu taimako da kyakkyawar niyya sukan ƙarasa wanda haɗari ya bari. Kada a fizgo mutum ta hannu da ƙafa, sai in wuta ake tsoro. In dole a ɗaga shi, mutum uku ko huɗu su ɗauka tare, ɗaya ya tallafe kai da wuya su tsaya a miƙe da gadon baya. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, rawani ko gyale ma ya yi, a ci gaba da dannawa har asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. In tankar mai ce ta faɗi, ka yi nisa ka kuma kori yara. A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu wurin kwasar fetur.

In kai ne ka buge mutum, kada ka gudu. Ka kai shi asibiti ko ka tabbatar an kai shi, sannan ka kai kanka wurin 'yan sanda. In ka ga jama'a sun fusata har kana tsoron ranka, ka wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka ba da rahoto, kada ka biya gida. Ka sanar da kamfanin inshorarka a ranar. Daga nan ka nemi manyanka su raka ka wurin dangin wanda abin ya shafa, a yi jaje, a ɗauki nauyin magani, kuma in abin ya zo da ƙarar kwana a zauna da malamai a kan abin da ya hau kanka.